Tarihin Kalmar "Good" ta Ingilishi: Asalinta, Ma'anoninta da Wahalar Fassara Ta Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ajin makarantar boko ya san kalmar "good". Tana cikin kalmomin farko da yaro yake ji daga bakin malami. Da ita ake gaishe shi da safe, ita kuma ake rubuta masa da jan biro a gefen littafi idan ya ci lissafi. Saboda wannan sabo, ba kasafai mukan tsaya mu tambayi kanmu ainihin abin da take nufi ba. Amma ranar da aka miƙa wa mutum wata doka ko jawabin gwamnati aka ce ya juya su zuwa Hausa, ranar zai gane cewa kalmar ba ta da sauƙi yadda ya zata. A layin farko "mai kyau" zai wadatar, a na biyu sai "na kirki", a na uku sai "kaya", a na huɗu kuwa babu ko ɗaya daga cikinsu da zai shiga.

Makasudin wannan takarda shi ne mu bi sawun kalmar tun daga asalinta, mu ga yadda addini da ciniki da falsafa da shari'a suka yi ta ɗora mata ma'anoni a cikin shekaru fiye da dubu ɗaya da ɗari biyar. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, kalmar "good" kullum tana auna abu ne da wani ma'auni, amma ba ta faɗin ko wane ma'auni ne, balle ta faɗi wanda yake riƙe da shi. Za mu ga cewa wannan shiru nata ya yi tasiri a kotuna da dokokin ƙasashen da Ingila ta mallaka, har da Nijeriya.

2.0 Asalin Kalmar

Ingilishi ɗan dangin harsunan Jamusawa ne, watau zuriyarsu ɗaya da Jamusanci da harshen Holan da harsunan Denmak da Suwidin da Norwe. Ƙabilun da suka kawo shi tsibirin Birtaniya, watau Angul da Sakson da Jut, sun ƙetaro daga gaɓar arewacin Jamus da Denmak a ƙarni na 5 na Miladiyya. Malamin nan Bede, wanda ya kammala littafinsa na tarihi a 731, ya sa zuwansu a wajen shekarar 449. Sun zo da kalmar a bakinsu, suna furta ta "god" da dogon wasali, kamar yadda Bahaushe yake jan wasalin farko na kalmar "goro". 'Yan'uwanta suna nan a sauran harsunan dangin: "gut" a Jamusanci, "goed" a harshen Holan, "god" a harshen Suwidin. Ana samunta har a fassarar Littafi Mai Tsarki da Wulfila ya yi cikin harshen Gotawa a ƙarni na 4, wadda ita ce dogon rubutu mafi tsufa da ya rage a wannan dangi.

Akasarin masana asalin kalmomi sun mayar da ita ga wata tsohuwar saiwa ta harsunan Indiya da Turai mai ma'anar haɗawa ko dacewa. Daga wannan saiwa ne Ingilishi ya sami "gather", watau tarawa, da "together", watau tare. A Rashanci ma akwai sifar da ta fito daga wannan saiwa mai nufin abin da ya cancanta, haka kuma kalmarsu ta shekara, "god", asalinta lokacin da ya dace take nufi. Ke nan tun farko abu "good" shi ne wanda ya dace da gurbinsa, kamar yadda ƙota take dacewa da gatari, ko murfi da tukunya.

Wajibi ne mu yi hattara a nan, domin asalin kalma ba shi ne ma'anarta ta yau ba. Kalmar "nice", alal misali, daga Latin ta fito inda take nufin jahili, kuma a ƙarni na 14 wawa take nufi a Ingilishi. Kalmar "silly" da take nufin wawa a yau, mai albarka take nufi a da. Abin lura game da "good" shi ne ba ta yi irin wannan juyin ba. Ma'anar dacewa ta zauna a gindinta, sauran ma'anoni kuma suka yi ta tsirowa a kanta.

3.0 Kalmar da Sunan Ubangiji

Mutane da yawa, har da Turawan kansu, suna zaton "good" da "God" asalinsu ɗaya. Masana sun nuna ba haka ba ne. Saiwoyinsu dabam dabam ne, kuma Jamusanci ya raba su sarai da "gut" da "Gott". A tsohon Ingilishi tsawon wasali ne ya bambanta su, ɗaya dogo, ɗaya gajere. Sai dai marubutan wancan zamani ba su cika nuna tsawon wasali a rubuce ba, don haka sau da yawa kalmomin biyu sukan fito da siffa ɗaya a takarda. Mu masu rubutun boko ba baƙi ba ne ga wannan matsala, tun da yake "gari" na zama da "gari" na tuwo haka muke rubuta su, sai jimla ta raba gardama.

Wannan kama ta yi aiki bayan shigar addinin Kirista ƙasar, wanda aka fi dangantawa da isowar Augustine yankin Kent a 597. Masu wa'azi sun fassara kalmar Girkanci "euangelion", mai ma'anar labari mai daɗi, da "godspel", watau "god" mai dogon wasali da "spel", labari. Daga baya wasalin ya gajarta, mutane suka ɗauka labarin Ubangiji ake nufi, har ma harsunan maƙwabta suka ari kalmar da wannan fahimta. Ita ce ta zama "gospel". Wani abin sha'awa shi ne ita wannan kalmar Girkanci ce ta zama "Injil" a Larabci, ta iso mana a matsayin "Linjila".

A zamanin Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, an juya littafin Boethius zuwa Ingilishi. Shi Boethius babban ma'aikaci ne a Rum, ya rubuta littafin nasa a kurkuku wajen 524 yana jiran kisa, kuma jigonsa shi ne alheri mafi ɗaukaka da Ubangiji abu ɗaya ne. Mai karatu a Latin yana ganin kalmomi biyu masu siffa dabam. Mai karatu a tsohon Ingilishi kuwa haruffa uku iri ɗaya yake gani, sai in marubuci ya ɗora alama ko ya ninka wasalin. Ta haka kalmar ta ɗauki ƙamshin tsarki, wanda ya rage a sunan "Good Friday", Juma'ar da Kiristoci suke tunawa da gicciye, inda "good" take nufin mai tsarki. An san wannan suna tun ƙarni na 13. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James, ta 1611, ta ƙara kafa kalmar a kunnen jama'a, domin da ita aka fassara "tov" ta Ibrananci, wadda ta zo sau bakwai a babin farko na labarin halitta. Ita "tov" 'yar'uwar "ɗayyib" ce ta Larabci.

Musanyar ta bi ta ɗaya ɓangaren ma. Sallamar nan "goodbye" asalinta addu'a ce, "God be with you", watau Allah ya kasance tare da kai, daidai da yadda muke ce wa matafiyi Allah ya kiyaye hanya. Ana ganin taƙaitacciyar siffarta a rubuce tun 1573. Da yake mutane sun saba da "good day" da "good night", sai suka musanya sunan Ubangiji da "good", addu'ar ta koma gaisuwa kawai. Haka kuma, da yake ana ƙyamar ambaton sunan Ubangiji a banza, har majalisa ta kafa dokar 1606 mai cin tarar fam 10 ga ɗan wasan kwaikwayon da ya yi haka a dandali, masu magana sun saba fakewa da kalmomi masu kama da sunan. A irin wannan hanya ce "goodness" ta zama abin faɗa wajen mamaki ko takaici.

4.0 Sauti da Nahawu

Bayan da Wilyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni. Dubban kalmomi sun kwararo, cikinsu har da waɗanda suka shafi nagarta, kamar "virtue" da "benefit" da "bounty". Kalmomin tsohon Ingilishi da yawa sun mutu a wannan gwagwarmaya, amma "good" ta tsira, domin kalma ce ta kasuwa da gona da ɗakin girki, inda Faransanci bai yi ƙarfi ba.

Furucinta ne ya sauya. Tsakanin wajen 1400 da 1700 dogayen wasulan Ingilishi suka yi ƙaura daga wurarensu, dogon "o" ya koma dogon "u", kamar yadda ake ji a "food" da "moon". Daga baya wasalin "good" ya gajarta tare da na "foot" da "book". Rubutu kuwa bai bi su ba, saboda tun 1476, lokacin da Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster, ƙa'idar rubutu ta fara daskarewa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ɗalibanmu suke ganin "good" da "food" da "blood" a allo da wasula iri ɗaya, amma malami ya furta su ta hanya uku.

Ta fuskar nahawu, sifofin Ingilishi gajeru sukan nuna fifiko da ɗafa-ƙeya, amma "good" ba ta bin wannan ƙa'ida. Sai a ce "better" da "best", waɗanda suka fito daga wata saiwa dabam mai ma'anar gyara ko amfani. Bayanau ɗinta ma, watau "well", daga wata saiwar ce ta uku. Ba Ingilishi kaɗai ke da wannan hali ba: Jamusanci yana da "gut" da "besser", Latin yana da "bonus" da "melior" da "optimus". Masana sun lura cewa kalmomin da aka fi yawan amfani da su su ne suka fi riƙe irin wannan bauɗiya, domin yaro yakan haddace su tun kafin ya koyi ƙa'ida. Hausa ta huta da wannan, tun da aikatau "fi" ya ɗauke mata nauyin: ya fi kyau, ya fi duka kyau.

5.0 Dukiya da Matsayi

Tun a tsohon Ingilishi kalmar tana zuwa a matsayin suna, da ma'anar amfani ko abin mallaka. Zuwa wajen 1300 jam'inta "goods" ya zama sunan dukiyar da ake iya ɗauka, watau kaya ko haja, kuma da wannan ma'ana ya shiga dokokin ciniki, kamar dokar sayar da kaya ta Birtaniya ta 1893. Wannan alaƙa ta alheri da dukiya ta yaɗu a harsuna: Latin yana cewa "bona", Faransanci "biens". A Larabci ma, malaman tafsiri sun fassara "khair" da dukiya a ayar wasiyya, aya ta 180 ta Suratul Baƙara. Daga "al-khair" ɗin ne muka sami "alheri", kuma idan Bahaushe ya ce wane ya yi masa alheri, galibi kyauta yake nufi. Ko da "goodwill", wadda asalinta kyakkyawar niyya ce, 'yan kasuwa sun mayar da ita kadara. A 1810 alƙali Eldon ya bayyana ta da cewa ita ce tsammanin tsofaffin masu ciniki za su ci gaba da zuwa tsohon wurin, kuma har yau ana yi mata kuɗi idan za a sayar da kamfani.

Kalmar ta shiga tsarin matsayi ma. A ƙarni na 16 da na 17 ana kiran magidancin da bai kai matsayin ɗan sarauta ko babban mai ƙasa ba da laƙabin "Goodman", matarsa kuma "Goodwife", wanda aka taƙaita zuwa "Goody". Ana ganin waɗannan laƙabobi a takardun shari'ar maita da aka yi a Salem ta Amurka a 1692. A ɗaya gefen kuma, idan aka ce mutum ya fito daga "good family", gidan asali da wadata ake nufi, ko da halin mutanen gidan bai kai abin yabo ba. Wannan cakuɗa daraja da nagarta ita ce Nietzsche ya gina littafinsa na 1887 a kanta, inda ya ce a harsuna da dama masu mulki ne suka fara kiran kansu nagari, daga baya kalmar ta koma ta ɗabi'a. Misalinsa na Girkanci yana da ƙarfi, domin "agathos" a waƙoƙin Homa jarumi mai asali take nufi. Amma hasashensa cewa "gut" tana da alaƙa da sunan Ubangiji da na Gotawa, masana harshe ba su karɓe shi ba.

6.0 Gardamar Masana Falsafa

Tun a ƙarni na 4 kafin Miladiyya, Aristo ya lura cewa ana faɗin kalmar nagarta ta fuskoki da yawa, kuma nagartar kowane abu tana cikin cika aikin da aka san shi da shi. A Ingila, Thomas Hobbes ya ce a littafinsa na 1651 duk abin da mutum yake sha'awa shi yake kira "good". Bentham a 1789, da John Stuart Mill bayansa, sun auna ta da jin daɗi da raguwar wahala ga jama'a.

A 1903 G. E. Moore na Jami'ar Kambirij ya rushe waɗannan duka da hujja guda. Ya ce duk abin da aka kawo a matsayin ma'anar kalmar, ko jin daɗi ne ko biyan sha'awa, mai hankali yana iya sake tambaya: to shi wannan abin nagari ne? Tun da tambayar ba ta zama shirme ba, ashe ma'anar ba ta cika ba. Ya yanke cewa kalmar ba ta bayyanuwa, kamar yadda ba a iya bayyana launin rawaya ga wanda bai taɓa gani ba. Waɗanda suka biyo shi sun karɓi hujjar, suka ƙi sakamakon. A. J. Ayer a 1936 da C. L. Stevenson a 1944 sun ce kalmomin ɗabi'a ba su siffanta komai, motsin zuciya kawai suke nunawa da neman jawo mai sauraro. R. M. Hare a 1952 ya ce aikin kalmar shi ne yabawa domin shiryar da mai zaɓe.

A ganinmu, wanda ya fi kusa da tarihin kalmar shi ne Peter Geach, a maƙalarsa ta 1956. Ya nuna cewa idan aka ce mota ja ce, ana iya raba maganar biyu: mota ce, kuma ja ce. Amma idan aka ce wane gwanin ɓarawo ne da kalmar "good", ba a iya raba ta a ce ɓarawo ne kuma nagari ne. Ma'anar sifar tana rataye da sunan da ta bi. Wannan shi ne tsohuwar ma'anar dacewa ta dawo ta ƙofar falsafa. Kakanninmu ma sun hango haka da suka ce kyan alkawari cikawa, kyan tafiya dawowa, kyan ɗa ya gaji ubansa. Kowane abu da irin nasa kyan.

George Orwell ya nuna haɗarin da ke cikin wannan a littafinsa na 1949, inda ya ƙago gwamnatin da ta soke kalmomin yabo da zargi, ta bar "good" da 'ya'yanta kamar "ungood" da "plusgood". Idan kalma ɗaya ce ta rage, kuma hukuma ce take riƙe da ma'auninta, talaka ya rasa bakin da zai ce abu yana da amfani amma zalunci ne.

7.0 Kalmar a Bakin Doka

A nan ne maganar ta wuce nishaɗin malamai. Sarakunan Ingila na ƙarni na 17 sukan tuɓe alƙalin da ya saɓa musu, kamar yadda James na Ɗaya ya tuɓe Edward Coke a 1616. Dokar gadon sarauta ta 1701 ta ce alƙalai za su riƙe muƙaminsu muddin suna kan "good behaviour", kuma tsarin mulkin Amurka na 1787 ya ɗauki wannan lafazi. A wannan wuri kalmar ta zama garkuwa, domin ta ƙwace ma'aunin daga hannun sarki.

A ƙasashen mallaka labarin ya sha bamban. Akan ba majalisun waɗannan ƙasashe ikon yin doka domin "peace, order and good government", kamar yadda ya zo a dokar kafa Kanada ta 1867, kuma har yau lafazin yana nan a sashe na 4 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999. Mai karatu zai zaci sharaɗi ne, watau dokar da ba ta kawo kyakkyawan mulki ba ta ɓaci. Amma a 1885, a shari'ar Louis Riel na Kanada, alƙalan Majalisar Sarauniya a Landan sun yanke cewa lafazin cikakken iko yake bayarwa, kuma ba aikin kotu ba ne ta binciki ko dokar ta kawo alherin. A 2008 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, uku a kan biyu, suka bi wannan fahimta a ƙarar mutanen tsibiran Chagos, waɗanda aka kwashe daga ƙasarsu tsakanin 1968 da 1973, suka tabbatar da umarnin 2004 da ya hana su komawa. Ashe ana iya hana mutane ƙasarsu a ƙarƙashin ikon da aka bayar domin kyautata mulkinsu.

Lafazi na biyu ya fi kusa da mu. A 1781 aka umarci kotunan Bangal a Indiya su yi hukunci da "justice, equity and good conscience" a inda babu doka bayyananna. A 1887 alƙalan Landan suka bayyana cewa galibi abin da ake fahimta da wannan shi ne ƙa'idojin dokar Ingila, idan sun dace da yanayin Indiya. Lafazin ya bi Turawa zuwa Sudan, inda ya shiga dokar shari'ar farar hula, ya kuma shigo Afirka ta Yamma ta dokar Kotun Ƙoli ta Gwalkwas ta 1876, wadda ta haɗa da Ikko a lokacin. A nan an mayar da shi rariyar tace al'ada: kotu za ta yi aiki da dokar gargajiya muddin ba ta ci karo da adalci da daidaito da "good conscience" ba. Dokokin manyan kotunan Nijeriya, har da na Arewa, sun gaji wannan sharaɗi.

Ba mu ce duk hukuncin da aka yi da shi zalunci ne ba. A 1932 wata kotu a kudancin Nijeriya ta ƙi bin al'adar da ta ba mutumin da ya biya sadaki 'ya'yan da matar ta haifa da wani, don kawai ba a mayar masa da kuɗinsa ba, kuma da wuya a sami wanda zai yi kukan wannan hukunci a cikinmu. Abin da muke nunawa shi ne dokar ba ta faɗi ko zuciyar wa za a auna da ita ba, kuma a zamanin mallaka zuciyar alƙali Bature ce take kan kujera.

8.0 Matsalar Mai Fassara

Tun da Hanns Vischer, wanda aka sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Kano a 1909, masu koyarwa da masu ƙamus suke fama da wannan kalma. Hausa ta rarraba filin da "good" ta mamaye ga kalmomi da yawa: kyau, kirki, nagarta, alheri, daɗi, inganci, albarka, gwaninta. Wuƙa "good" mai kaifi ce, likita ƙwararre ne, damina mai albarka ce, labari mai daɗi ne. Farashi "good" araha ne ga mai saye, daraja ce ga mai sayarwa. Wanda ya tafi "for good" ya tafi ke nan ba dawowa. Kuskuren da muka fi gani a takardun ɗalibai shi ne fassara "a good girl" da yarinya mai kyau, alhali yarinyar kirki ake nufi, domin "kyau" ta Hausa ta haɗa da kyan sura, wanda Ingilishi ya ware masa kalma dabam.

A laccarsa ta 1973, wadda aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya ga cewa bai iya bayyana mutumin kirki ga Turawa da kalma ɗaya ba, sai da ya jero halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wannan ya nuna cewa "kirki" tana da ma'auni sananne a wurin masu ita.

Haka abin yake ga mulki. Tun daga rahoton Bankin Duniya na 1989 a kan ƙasashen Afirka, lafazin "good governance" ya cika bakin hukumomi, muna kuma fassara shi da shugabanci nagari. Ma'aunin rahoton shi ne ma'aikata masu ƙwazo, da kotuna abin dogaro, da hukuma mai ba jama'a bayanin ayyukanta. Mai sauraro a ƙasar Hausa kuwa yana da nasa tsohon ma'auni, wanda ya gada tun daga nasihar da Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, zuwa littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahi da Bello, watau adalci. Ma'aunan biyu suna haɗuwa a wurare da dama, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma mai fassarar da ya ce "nagari" ya wuce, ya bar mai magana da mai sauraro kowa da abin da ya ji.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa kalmar ta faro da ma'anar dacewa, ta ɗauki tsarki saboda kamarta da sunan Ubangiji, ta zama sunan dukiya da laƙabin matsayi, ta gagari masana falsafa, sa'an nan ta shiga dokokin da aka mulki kakanninmu da su. A duk waɗannan matakai hali ɗaya ta riƙe, watau tana yabon abu ba tare da ta ambaci ma'aunin yabon ba.

Don haka muna ba da shawara biyu. Ta farko ga masu ƙamus da masu koyar da Ingilishi: kada a ba ɗalibi "mai kyau" ita kaɗai, a koya masa kalmar tare da sunayen da take bi, domin a can ma'anarta take. Ta biyu ga masu fassara dokoki da jawaban hukuma: duk inda kalmar ta fito, su tambayi wanda ya ba su aikin, dacewa da me ake nufi, kuma a ganin wa. Idan ya amsa, Hausa tana da kalmar da za ta ɗauki amsar. Idan ya kasa amsawa, ya kamata masu karatu su san cewa dokar ta bar ma'aunin a hannun wanda zai zartar da ita.